Kapkek ɗin mangwaro da kukis ɗin lemu, yadda nake yinsu a gida lokacin bazara

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, uwargida da amarya har da 'yan matan da ke koyon girki a gaban iyayensu. Toh bazara dai ta kankama, duk wadda ta leƙa kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a nan Bauchi kwanakin nan ta ga yadda mangwaro ya cika gari, a baro, a tire, a ƙasa kan buhu, in yamma ta yi ma mai shi har roƙonki yake ki kwashe don ya san ba zai kai gobe ba. Ga lemu ga ayaba ga abarba. Amma sai ki ga mace za ta yi kek ta tsallake duk wannan ta shiga shago ta sayo 'yar kwalbar filebo da aka zana mangwaro a jiki ta ɗiɗɗiga a kwaɓi, ƙamshin kuma in kin shinshina da kyau ba na mangwaro ba ne, na alawar yara ne. Ni kam ban ga dalili ba, alhali ga na gaskiyar nan yana ruɓewa a kasuwa.

Na san abin da wasunku za su ce, an gwada ai, kek ɗin ya ƙi tashi, ko ya tashi a oben yana fitowa ya zauna, cikinsa ya yi danƙo sai ka ce bai nuna ba. Gaskiya ne hakan na faruwa, kuma ba hannunki ba ne ba shi da kyau. Abu biyu ne ke ɓata aikin nan, ruwan da ke jikin kayan marmarin da kuma zafin garin nan namu. Mangwaro fiye da kashi 80 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, toh in kika markaɗa shi ɗanye kika juye a kwaɓi kin ƙara wa fulawa ruwan da ba za ta iya ɗauka ba, kuma ɗanɗanon ma ba zai fito ba don ruwan ya tsinka shi. Zafi kuwa, a watan Maris da Afrilu Bauchi na taɓa digiri 40, bota tun a leda ta fara zama mai. In kika iya da waɗannan biyun sauran duk mai sauƙi ne wallahi.

Mu fara da mangwaron. Ki zaɓi wanda ya nuna sosai, wanda in kin kai hanci wajen gindinsa ƙamshi ke dukanki, amma ba wanda ya fara tsami ko ya yi baƙin tabo mai zurfi ba. Mai tsoka marar zare ya fi sauƙin aiki, irin su binta suga ko paparanda ko duk wani ɗan aure da kika samu. Ƙananan nan masu zare da yara ke tsotsa, kar ki raina su fa, sau da yawa sun fi manyan ƙamshi da zaƙi, illarsu kawai sai kin matse kin tace a rariya, in kina da haƙurin hakan toh su na fi so. Ki wanke, ki fere, ki yanka tsokar ki markaɗa a bilenda ba tare da kin sa ko ɗigon ruwa ba, in ba wuta ki dandaƙa da cokali ki tura ta rariya ya wuce. Manya guda huɗu ko biyar sun isa duk abin da za mu yi yau.

Sai ki juye a tukunya mai kauri, ki matsa rabin lemun tsami, ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa ba murfi, kina juyawa da muciya. Zai fara tsalle yana fallatsi, ki yi hattara da hannunki don yana ƙuna sosai. Abin da kike so shi ne ya ƙone ruwansa ya dawo rabin yadda kika zuba, wajen minti 15 zuwa 20, ya yi kauri kamar tumatirin gwangwani da aka ɗan sassauta, in kin ja muciya a gindin tukunyar hanya ta buɗe ta ɗan jima kafin ta rufe. Kalarsa za ta ƙara duhu, ƙamshin kuma ya ninka. Lemun tsamin nan ba don ya yi tsami aka sa ba, shi ke farkar da ɗanɗanon mangwaro, in babu shi zaƙin sai ya yi lami. Kar ki sa suga yanzu. Ki sauke ki bar shi ya huce sarai, sarai fa, don in kika zuba da ɗumi a kan bota aikin ya lalace tun ba a je ko'ina ba. Ni na fi son in dafa shi da daddare in yi gashin da safe.

Kafin mu shiga kwaɓi bari in yi maganar awo don nan ma ana samun matsala. In na ce kofi ina nufin kofin awo na masu kek mai cin mil 240, ana sayar da jerinsu a shagunan kayan kek ba tsada. In ba ki da shi, gwangwanin madarar ruwa bai kai kofi ba, ɗaya da rabi ne ke ba ki kusan kofi ɗaya. Kuma in za ki auna fulawa kar ki cusa kofin cikin leda ki danno ta, ki tankaɗe ta tukuna ki riƙa zubawa da cokali har ya cika sannan ki share saman da bayan wuƙa, bambancin da ke tsakanin dannanniya da sakakkiya ya isa ya maida kek ɗinki busasshe. Cokali kuma biyu ne, babba na cin abinci da ƙarami na shayi, a shafe ba a tsiri ba.

Na kapkek guda 12 ga abin da za ki tanada: fulawa kofi ɗaya da rabi, bota giram 125 wato rabin ledar Simas ɗin nan mai giram 250, suga kashi biyu cikin uku na kofi, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, gishiri ɗan kaɗan a bakin cokali, dafaffen mangwaronki rabin kofi, sai madara ta ruwa ko ta gari da kika dama kwatan kofi. Sugan na rage shi da gangan saboda mangwaron ya zo da nasa, in yaranki masu son zaƙi ne ki kai shi kashi uku cikin huɗu amma kar ki wuce nan. Bekin fodar ki gwada ta tukuna, ki zuba ɗan kaɗan a ruwan zafi, in ta yi kumfa ta taso tana da rai, in ta kwanta shiru ki zubar ki sayo sabuwa, wadda ake ƙullawa a leda ana sayarwa a tebur ba ki san tun yaushe take shan iska ba. Ƙwai kuma a zafin nan ba a yarda da shi, kowanne ki fasa shi a wani ɗan kwano daban kafin ya shiga kwaɓi.

Botar ita ce sai an lallaɓa. Ana so ta yi laushi yadda in kin danna da yatsa zai shiga, amma ba ta narke tana ƙyalli ba. In kin ga ta fara tsatso mai ki sa ta a firij minti 10, ko ki jefa ledar a ruwan randa ko ruwan ƙanƙara ta ɗan kama jikinta. Shi ya sa nake cewa aikin kek a bazara na sassafe ne ko bayan isha'i, da azahar kicin ɗin kansa ya isa ya narkar da komai. Dalilin duk wannan shi ne, lokacin da kike buga bota da suga, ƙwayoyin sugan ne ke huda botar suna cusa mata iska, wannan iskar ce bekin foda za ta zo ta hura a wuta kek ya tashi. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, komai bugun da za ki yi.

Toh ki kunna oben tun yanzu ya yi zafi a digiri 180, ki jera takardun kapkek a gwangwaninsu. Ki zuba bota da suga a roba mai faɗi ki buga, da miksa minti 3 zuwa 4, da muciya ko ludayin katako kuwa sai kin kai minti 10 hannu na ciwo, har sai kin ga ta yi haske ta ƙara yawa ta yi sakwat. Sai ƙwai ɗaya ki buga ya shige, sannan na biyun. In kika ga ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kar hankalinki ya tashi, ki zuba cokali ɗaya daga cikin fulawarki ki juya zai haɗe. A wani kwano ki haɗa fulawa da bekin foda da gishiri ki tankaɗe su tare, a wani kuma ki gauraya mangwaro da madara. Sai ki riƙa zubawa bi da bi, fulawa kaɗan, mangwaro kaɗan, fulawa, mangwaro, ki ƙare da fulawa.

Daga lokacin da fulawa ta shiga kuma an gama bugu, ki ajiye miksa. Juyawa kawai za ki yi a hankali daga ƙasa zuwa sama, da zarar kin daina ganin farin gari ki tsaya. Fulawa in ta haɗu da ruwa aka yi ta tuƙa ta danƙo take yi, wannan danƙon shi ake nema a biredi da fanke, a kek kuwa shi ke sa ya yi tauri ki ga ramuka dogaye a ciki. Mata da yawa nan suke wuce gona da iri, suna ganin yawan bugu shi ne ƙwarewa. Kwaɓin da ya yi daidai in kin ɗebo a cokali kin karkata zai faɗo da kansa a dunƙule, ba zai zuba ba kuma ba zai maƙale ba, in ya yi tauri ki ƙara madara cokali ɗaya.

Ki zuba a takarda kashi biyu cikin uku, kar ki cika don ya yi kyau a ido, zai tumbatsa ya baje ya manne da na kusa da shi. Ki sa a tsakiyar oben minti 18 zuwa 22, kuma dan Allah minti 15 na farko kar ki buɗe ƙofar, ki hana yara ma, iska mai sanyi na shiga tsakiyar zai faɗa don bai gama kama jikinsa ba. In lokaci ya yi ki soka tsinken sakace a tsakiya, ya fito ba ɗanyen kwaɓi toh ya yi, ɗan ɓurɓushi a jikin tsinken ba komai. Ki bar su minti 5 a gwangwanin sannan ki ciro ki jera su inda iska za ta ratsa ƙasansu, in suka huce a cikin gwangwani gumi suke yi takardar ta saki.

Yanzu maganar wuta, don na san ba kowa ke da oben mai lamba ba. Irin oben ɗin da ke haɗe da kukar gas yawancinsu wutar daga ƙasa take, sai gindi ya ƙone sama bai yi ja ba. Ki sa tiren a hawan sama, ki ajiye wani tsohon tire da gishiri ko yashi a hawan ƙasa ya tare zafin, ki rage wutar. Wadda ba ta da oben kwata-kwata kuma tukunya ta isa, iyayenmu da ita suka yi ta kek ɗin biki. Ki samu babbar tukunyar dalma mai murfi, wadda kika haƙura da ita don za ta yi baƙi, ki zuba yashi mai tsabta busasshe kaurin yatsa biyu, ki ɗora wani abu a kai da zai ɗaga tiren, ko waya ko gwangwanaye uku marasa komai, kar gwangwanin kek ya zauna kan yashin kai tsaye. Ki rufe ki bar ta ta yi zafi minti 15 kafin ki sa komai. A kan gas wuta ƙasa-ƙasa, a kan gawayi kuwa ki rage na ƙasa ki kwashi garwashi ki zuba a kan murfin, na sama ya ɗan fi na ƙasa yawa, shi ke sa saman ya yi ja mai kyau. A tukunya yakan ɗauki lokaci fiye da oben, ki ba shi minti 25 kafin ki leƙa. Shawarata ki fara gasa guda ɗaya tak ki gani, shi zai faɗa miki halin wutarki, gara ki yi asarar ɗaya da ki yi ta goma sha biyu. Takardar kapkek kuma ita kaɗai ba ta tsayawa, dole sai a cikin gwangwani, in babu na kek ko na ƙaramin tumatir da kika wanke kika daddanne bakinsa ya yi.

Mu koma kukis. Su kuma dokarsu ta fi tsanani wajen ruwa, don abin da ake so a kukis shi ne ƙaras-ƙaras, ruwan kayan marmari kuwa maƙiyinsa ne. Saboda haka a nan ba ruwan lemu za mu dogara da shi ba, bawon ne. Yawancin ƙamshin lemu yana cikin man da ke fatar waje, wannan da ke fesowa ya shiga ido in ana ferewa. Ki wanke lemun zaƙi 2 da lemun tsami 2 da kyau ki goge su bushe, ki goga fatar a ƙananan haƙoran abin goga kuɓewa, sama-sama kawai, da kin hango farin ki juya wani gefen don farin nan ɗaci ne zalla. Lemunmu da ake kawowa daga Binuwai ko ya nuna fatarsa kore-kore take, ba komai, ƙamshin na nan. Ki zuba gogaggen bawon cikin suga ki murtsuke da yatsu har sugan ya ɗan jiƙa ya ɗauki ƙamshi, wannan 'yar dabarar ta minti ɗaya ita ce bambancin kukis ɗin da ake tambayar wa ya yi da wanda ake ci a yi shiru.

Awon shi ne bota leda ɗaya giram 250, suga kashi uku cikin huɗu na kofi, in kin samu aysin suga, wato sugan nan mai laushi kamar gari, kofi ɗaya ya fi don kukis ɗin ya fi narkewa a baki, ƙwai 1, fulawa kofi 3, kon fulawa wato sitacin masara babban cokali 2, bekin foda rabin ƙaramin cokali, gishiri kaɗan, sai ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya kacal. Ki buga bota da sugan amma ba kamar na kek ba, minti 2 ya isa, ba ma son iska da yawa a nan. Ki sa ƙwai da ruwan lemun tsami, sannan kayan garin gaba ɗaya, ki haɗa da hannu har ya dunƙule ya bar jikin roba. Ba a murza shi irin na cincin, haɗawa kawai. In yana manne wa hannu kar ki yi saurin ƙara fulawa, yawanci zafi ne ya sa botar ta saki, sanyi yake nema ba gari ba.

A bazara ban cika ba da shawarar a murza a faranti a yi ta yankawa da abin fitar da fure da tauraro ba, kafin ki gama jere ɗaya sauran ya narke ya manne da katako, ki yi ta barbaɗa fulawa har kukis ɗin ya yi tauri. Abin da ya fi sauƙi, ki raba kwaɓin biyu, ki mulmula kowanne ya yi dogo, ki naɗe a leda ki ɗaure baki biyun, ki sa a firiza minti 30 ko firij awa ɗaya. In ba wuta ki sayi ƙanƙara ki sa a kula ki ɗora shi a kai, ki dai tabbatar ledar ba ta huje ba. In ya yi tauri ki ciro ki yayyanka da wuƙa mai kaifi kaurin rabin santimita ko ya ɗara kaɗan, ki jera a tiren da kika shafa wa bota sama-sama ko kika shimfiɗa wa takardar gashi, ki bar tazara tsakaninsu. Kwaɓi mai sanyi in ya shiga wuta gefensa na kamawa kafin botar ta narke, shi ya sa ba ya bajewa. Digiri 170 zuwa 180, minti 12 zuwa 15, da kin ga gefen ya fara ja ki fitar ko da tsakiyar na da laushi, a tire zai ƙarasa ƙarfi in ya huce. Masu jira sai ya yi ƙarfi a cikin oben su ne ke fito da abin da haƙori ba ya iya fasawa. Kuma kar ki jera sabon zubi a tire mai zafi, ki bari ya huce ko ki yi aiki da tire biyu.

Rabin kwaɓin na biyu kuma, maimakon in yayyanka shi, ga abin da nake yi da shi, kuma shi yara suka fi rububi. Ragowar dafaffen mangwaron nan ki ɗebi rabin kofi ki sa suga babban cokali 2 ki maida wuta minti 5 ya ƙara kauri ya yi ƙyalli, ya zama jam kenan. Ki gutsuri kwaɓi cokali ɗaya-ɗaya ki mulmula a tafin hannu, ki danna tsakiyar da babban yatsa ya yi rami, in gefen ya tsage ki shafe shi, ki zuba jam ɗin rabin ƙaramin cokali a ramin, kar ya cika ya kai baki don zai tafasa ya malalo ya ƙone a tire. Waɗannan sun fi kauri sai ki ba su minti 15 zuwa 18. Ki gargaɗi yara kar su kai baki da zafi, jam ɗin na riƙe wuta bayan kukis ɗin ya huce a hannu.

Sauran kayan marmari kuma kowanne da halinsa. Ayaba ita ce mai sauƙin kai, ba ta buƙatar dahuwa, wadda ta nuna har bawonta ya yi baƙi-baƙi guda 2 ki dame da cokali ki sa a madadin mangwaron shikenan. Abarba kuwa dole ki dafa, ba don ruwa kaɗai ba, ɗanyarta na da wani sinadari da ke cin furotin, shi ne ke sa harshe zafi in an sha da yawa, in ya zauna da madara sai ya sa ta ɗaci, wuta ce ke kashe shi. Ki yanka ƙanana ki soya ta a kasko ba mai da ɗan suga har ruwan ya ƙafe. Gwanda ma tana da irin wannan sinadarin, kuma ni dai ban ga abin da take ƙarawa a kek ba, ƙamshinta ɓacewa yake. Kankana ki sha abarki kawai. Sitiroberi ɗin da ake kawowa daga Jos, lokacinsa sanyi ne zuwa farkon zafi, in kin dace da na ƙarshe-ƙarshe ki yanka ƙanana ki tsane su da tsumma mai tsabta ki barbaɗa musu fulawa kafin ki sa a kwaɓin kapkek don kar su nutse ƙasa. Dabino kuma shi ne abokin kukis na gaske tunda ba shi da ruwa da yawa, ki cire ƙwallon ki yayyanka rabin kofi ki rage suga, in kin haɗa da kwakwar da kika goga kika soya a busasshen kasko ta bushe, toh wannan in kika kai gidan surukai ranar sallah an dinga maganarki kenan.

Ado a sama kuma, na san hotunan da muke gani a Instagram da kirim ɗin bota an murɗa shi ya yi tsiri suna burgewa, amma a zafin Afrilu kafin ki kai shi daga Fadaman Mada zuwa Yelwa a keke napep ya zama miya. Abin da ke jure garin nan shi ne aysin suga kofi ɗaya ki tankaɗe, ki ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan, wajen babban cokali ɗaya da rabi zuwa 2, ki dama ya yi kauri yana zuba da ƙyar, ki zuba a kan kapkek ɗin da ya huce, minti 20 ya bushe ya yi ɓawo. In kina son kala ba sai kin sayi ta kwalba ba, cokali ɗaya na jam ɗin mangwaro zai ba ki ruwan ɗorawa, zoɓo kuma da kika dafa da ruwa kaɗan ya yi kauri zai ba ki ja mai kyau da ɗan tsami-tsami. Amma zoɓon a ado kawai, kar ki zuba shi cikin kwaɓi, kalarsa ba ta shiri da kanwa ko bekin soda da ke cikin bekin foda, in suka haɗu sai jan ya juye ya koma wani shuɗi-shuɗi mai toka da ba wanda zai so ci.

Ajiya kuma kar ki haɗa su wuri ɗaya, damshin kapkek zai sa kukis ya yi laushi cikin dare ɗaya. Kukis ɗin lemu in ya huce sarai kika sa a roba mai murfi ko bokitin fenti da aka wanke irin na cincin zai yi sati biyu lafiya lau, masu jam kuwa ki cinye su cikin kwana huɗu ko biyar, ki sa takarda tsakanin jere da jere. Kapkek mai mangwaro a zafin nan kwana biyu ne a waje, bayan nan sai firij, kuma in kin ga samansa ya fara yauƙi ko ƙamshin ya canza ki zubar kar ki ce asara. In kina da firiza mai samun wuta, yanzu da mangwaro ke arha ki dafa da yawa ki ƙulla rabin kofi rabin kofi a leda ki daskarar, duk ranar da za ki yi gashi sai ki ciro ƙulli ɗaya tun dare ya saki, in ya tsatso ruwa ki ɗan maida shi wuta minti 2 ya ƙafe kafin ki yi amfani da shi.